Jan Layi a Ƙarƙashin Na Uku

Tun ana cewa En'e na shiga ofishin ajiye takardu na masarautarmu, kuma a can na tsufa. Aikina shi ne kundin naɗe-naɗe: wa aka naɗa, wace sarauta aka ba shi, wa ya gada, wa ya naɗa shi. Mutumin da ya koya mini aikin ya kafa mini doka tun ranar farko. Wanda rawani bai hau kansa ba, sunansa ba ya shiga kundi da tawada. Idan maganar naɗinsa tana gaban sarki ba a yanke ba, a rubuta shi da fensir a jira. In an naɗa shi, a bi kan fensirin da alƙalami. In an hana shi, a goge. Na kawo wannan tun da fari ne domin a san irin mutumin da aka miƙa wa aikin da zan ba da labarinsa.

Bayan rasuwar mai ɗakina, 'yata ta biyu, wadda ke karatun digiri na uku a Doha, ta matsa mini in zo wurinta a duba mini gwiwa. Na zo da niyyar wata uku, zaman ya zarce. Gidansu yana Abu Hamour, cikin rukunin gidaje masu katanga ɗaya da ƙofa ɗaya. Da safe ita da mijinta su fice, a bar ni da na'urar sanyaya ɗaki. A duk rukunin, wanda nake gaisawa da shi da Hausa shi ne mai gadin ƙofa, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi, mai yawan barkwanci, wanda ba ya iya gama magana sai ya saka mata Larabcin kasuwa.

Da zafi ya ragu aka shiga watannin da mutum zai iya zama a waje, sai na riƙa fita da sandata in zauna a kan wani benci da ke tsakiyar rukunin. A nan na haɗu da wani tsohon Bature mai kaurin tabarau, wanda ba ya fitowa sai da kwat da lakatayi, ko da kuwa zagaye uku kawai zai yi ya koma. Mutumin Fotugal ne, uban injiniyan da ke gidan da ke fuskantar namu. Turancinsa na littafi ne, irin wanda aka koya mana a midil da bulala, don haka muka fahimci juna ba wuya. Ya ji mai gadi yana ce mini Alhaji, shi ma ya ɗauka. Ni kuma na ce zan riƙa kiransa Dattijo, na bayyana masa cewa a wurinmu ba shekaru kaɗai ke ba mutum wannan suna ba. Ya ji daɗi ƙwarai. Kullum 'yata takan bar mini shayin karak mai madara da kayan ƙamshi a fulas, sai na fara fita da kofi biyu.

Wata safiya, da ya ji irin aikin da na yi, ya gyara zama ya ce, "Alhaji, ashe kai ne mutumin da nake nema. Ni ne Biskonde na shida na garinmu."

Ya bayyana mini cewa Biskonde sarauta ce daga cikin waɗanda sarakunan ƙasarsu suke bayarwa a da, kuma akan jingina ta da sunan wani gari. Ban yi mamaki ba, ban kuma yi masa dariya ba kamar yadda ya ce ɗansa yake yi. Na yi masa tambayar da zan yi wa duk wanda ya zo ofishina da irin wannan magana.

"Wa ya naɗa na farko?"

Ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce rabon da wani ya yi masa tambaya mai ma'ana a kan wannan al'amari har ya manta.

Buƙatarsa ita ce: jikarsa za ta yi aure a can gida a farkon bazara, shi kuma in ya tafi bikin ba zai dawo Doha ba, domin an sama masa wuri kusa da ƙanwarsa. Yana so ya ba amarya jerin waɗanda suka riƙe sarautar, tun daga na farko har zuwa kansa, a rubuce da hannu a takarda ɗaya. Idonsa ya yi rauni, ba ya iya miƙe layi. Ya taɓa ɗora gilashinsa na ƙara girman rubutu a kan littafin da nake rubuta al'amuran yau da kullum, ya ce an daina yin irin wannan hannu. Ba zan ɓoye ba, maganar ta shige ni. Na karɓi aikin.

Mako uku muka yi muna zama a falonsa bayan hantsi. Ya fito da wani akwatin gwangwani cike da takardu. Shi ya karanta da gilashi a harshensu, ya juya mini da Turanci, ni in rubuta a littafina. Rabona da jin daɗin aiki haka tun kafin in yi ritaya.

Na farko ɗan manomi ne. Ya haye teku zuwa Burazil yana saurayi, ya yi kasuwanci ya yi arziki, ya dawo ya gina wa garinsu gada da asibiti. Sarki ya saka masa da sarauta. Da Dattijo ya zo wani wuri a takardar naɗin, ya karanta cewa an ba shi ita “na rai biyu”.

Na ce, "Tsaya. Mene ne rai biyu?"

Ya ce a ƙasarsu sarki yakan ba da sarauta iri-iri. Wata ta rai ɗaya ce, mai ita na mutuwa ta koma hannun sarki. Wata ta rai biyu ce, wato shi da magajinsa guda, daga nan ta ƙare sai in an sabunta. Wata kuma ta gado ce har abada. Na ajiye alƙalami na yaba wa wannan tsari. Na ce da mun san shi a wurinmu, da an huta da rigingimu da yawa, domin kowa zai san inda rabonsa ya tsaya tun ranar naɗi.

Na biyu ɗan na farko ne. Bai zauna a garin ba, babban birni ya fi so, a can ya ƙarar da gonakin inabin da ubansa ya bari. Bai haifi namiji ba sai mace ɗaya. Da ya mutu rai biyu suka cika. Amma 'yar tasa ta auri wani likitan soja da ya yi aiki a Afirka, ita ce kuma ta tsaya da rubuce-rubuce zuwa fada har sarki ya sabunta sarautar a kan mijinta, na rai ɗaya. Wannan shi ne na uku. Na riƙe takardarsa a hannuna, na ga hatimi, na ga sa hannu. Ba ni da ja.

Na ce, "Sai na huɗu."

"Kakana ke nan, ɗan na uku," in ji shi. Ya miƙo mini kwafin takardar roƙon da kakan ya aika fada, da wata gajeriyar amsa daga ofishin minista.

"Ina takardar naɗin?"

"Babu. Kafin sarki ya sa hannu aka kifar da mulkin, ƙasa ta zama jamhuriya, aka daina ba da sarauta. Amma kowa a garin ya ci gaba da kiransa na huɗu. Mahaifina na biyar. Shi ma yana da takarda."

Na karɓa na duba. Ya ce wata majalisa ce ta ba shi, wadda ke aiki da yawun zuriyar tsohon gidan sarautar.

"Wannan majalisa tana da ƙasa?"

"A'a."

"Tana da alƙali? Tana da hakimai?"

Ya yi dariya. "Alhaji, tana da ofis da tambari."

Na ce, "To." Ban ƙara komai ba. A nan ne na yi kuskure na farko. Da na faɗa masa abin da ke raina a ranar, da mun yi gardamarmu a kan shayi mun gama. Amma na saba, a ofis ba a gardama da mai kawo takarda. Ka karɓa, ka duba, ka rubuta abin da ya tabbata.

Surukina ya kai ni wani kantin kayan rubutu a Al Aziziya na zaɓi takarda mai kauri da tawada baƙa da ja. Kwana uku na yi a kanta. Na farko, na biyu, na uku, kowa da lambarsa da sunansa da abin da ya aikata, kuma ban manta da matar da sarauta ta bi ta hannunta ba. Daga nan na ɗauki rula na ja jan layi daga gefe zuwa gefe. A ƙarƙashinsa na rubuta “Zuriyar da ta biyo baya”, na jera kakansa da ubansa da shi kansa, ba lamba. A ganina na yi karamci, domin a kundinmu ko shafin ba za su shiga ba.

Na kai masa a kan benci. Ya shimfiɗa takardar a cinyarsa, bai fito da gilashi ba, sai ya riƙa bin ta da ɗan yatsa yana murmushi. Ni kuwa hannuna yana da nauyi a kan rula, layina yakan lotsa takarda. Yatsansa ya zo kan layin ya tsaya.

"Wannan fa?"

"Layi ne."

"Karanta mini, Alhaji."

Na san ba ya gani sosai. Da na so, da na karanta masa na huɗu, na biyar, na shida, ya tafi da farin cikinsa. Tunanin ya zo mini, ban kuwa ba shi masauki ba. Na karanta abin da na rubuta, kalma bayan kalma.

Ya ce, "Ina lambata?"

"Dattijo, ba ka da lamba. Sarautar ta ƙare a kan na uku. Kai da bakinka ka karanta mini: rai ɗaya."

"An binne mahaifina ana kiransa na biyar. Haka aka sassaƙa a kan kabarinsa."

"Kira daban ne, naɗi daban. Ba ni da ikon naɗa kowa. Ni marubuci ne."

"Ba kotu muke ba, Alhaji! Kyautar aure ce. Yarinyar nan za ta rataye ta a falo ne. Wa zai zo ya bincika?"

"Ni na sani. Kuma hannuna ne a kai."

"Wato tun da muke shan shayin nan, a wurinka ni maƙaryaci ne?"

"Ban ce ba. Kai tattaɓa-kunnen mai sarauta ne, kuma mutumin kirki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne."

"Na gode da sadaka," in ji shi. Ya naɗe takardar a hankali, don shi ba mai wulaƙanta takarda ba ne, ya ɗora mini a cinya, ya tashi. Ko rabin kofinsa bai sha ba.

Washegari bai fito ba. Na zauna da kofi biyu har rana ta kore ni. Ina komawa mai gadi ya tare ni.

"Alhaji, Baturenka ya yi fushi. Ya wuce ni ko sannu. Me ka yi masa?"

Na ba shi labari a taƙaice, ina tsammanin a matsayinsa na Bahaushe zai gane.

Ya riƙe haɓa. "Lamba kawai? Yalla, Alhaji, ba shi mana! Ni nan, can a Zango har yau Sarkin Samari ake ce mini. Ba wanda ya ɗaura mini ko ƙyalle, ga furfura ta cinye kaina. Wa ya mutu? Rubuta masa shida, khalas."

Na ce masa shi ya sa aka ba shi ƙofa ba a ba shi kundi ba. Ya yi dariya har da dafa bango, ya ce ai ƙofar ma ta fi, tunda ita ana buɗe ta.

'Yata ce ta fi ɓata mini rai. Muna cin abincin rana ranar Juma'a ta ce, "Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Wannan layin ba don Baturen nan ka ja shi ba."

Na san inda ta nufa. Mahaifina shi ne Ma'ajin garinmu, kakana ma haka. Da mahaifina ya rasu, kowa ya ɗauka ni za a naɗa, har shugabana a ofis ya rubuta sunana da fensir. Aka yi wata biyu, sai aka ba wani gida. Ni da hannuna na goge sunana, ni kuma na rubuta na wancan da tawada, ban bar kowa ya yi mini ba. Har yau in na je gida akwai masu ce mini Ma'aji don girmamawa, ban taɓa amsawa ba, ko sau ɗaya.

Ta ce, "Kai ka goge naka, shi ya sa kake so kowa ya goge nasa."

Na ce, "Digirin naki bai kai nan ba tukuna."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba." Mijinta ya duƙufa a kan shinkafarsa kamar an ba shi aikin ƙirga ta. Na tashi na shiga ɗaki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk cikinsu ba wanda ya ce abin da na rubuta ba daidai ba ne. Kowa cewa yake yi ba kome. To in ba kome, me ya sa aka zo wurina? Me ya sa na ƙare ƙuruciyata ina hana 'ya'yan manya cusa sunayen iyayensu inda ba su kai ba?

Injiniyan ya aiko a karɓi abin da na rubuta a littafina, na ba da shafukan. Na ji daga baya cewa ya kai wani shagon buga takardu, aka buga masa jerin da zanen garkuwa a sama da ruwan zinariya a gefe, mutum shida cif, kafin ya gama shan lemo. Ranar tafiyarsu na fito bakin ƙofa da babbar riga. Dattijo ya miƙo mini hannu ta tagar mota ya ce, "Ka kula da gwiwarka, Alhaji." Na ce, "Allah ya kiyaye hanya, Dattijo." Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan bayan wata huɗu na shayi.

Bayan bikin, matar injiniyan ta turo wa 'yata hotuna a waya. A cikinsu akwai amarya riƙe da takardar shagon a cikin firam, Dattijo a gefenta da kwat. Na sa aka buɗa mini hoton na karanta. Sun rubuta na uku a matsayin ɗan na biyu. Matar da ta tsaya har aka sabunta sarautar, wadda ba don ita ba da tun a rai na biyu maganar ta mutu, sun share ta gaba ɗaya. Mai shagon ya ga layinta ya yi tsawo ne ya datse, ba kuwa wanda ya lura. An ƙi takardata saboda ta faɗi gaskiya, an rataye wadda ta ba mutum uban da ba nasa ba. Ranar ko shayi ban sha ba.

Na ce sai na rubuta musu gyara. Na ɗauko shafukan da aka dawo mini da su, na bi su daga farko don kada in yi kuskure a wasiƙar. Da na zo kan kakansa, na tarar da abin da na rubuta da hannuna daga amsar ofishin minista, yadda Dattijo ya fassara mini: an karɓi roƙon, ana dubawa.

Na karanta sau uku. Ana dubawa. Ba a ba shi ba, gaskiya ne. Amma ba a hana shi ba. Sarki ya tafi ya bar maganar a kan tebur, kuma ba wanda ya zo bayansa ya ɗauki wannan takarda ya rubuta a'a a kanta. Ni an hana ni, shi ya sa na goge. Kakan Dattijo ba a hana shi ba. A dokar da aka koya mini tun ranar farko, wadda nake taƙama da ita, wurinsa ba wajen kundi ba ne. Na fensir ne. Ɗansa da jikansa kuwa a kansa suka rataya, in nasa yana jira, nasu ma yana jira.

Ban san yadda zan kwatanta haushin da na ji ba. Da tausayi ne na rasa, da na ce halina ne, an san ni da shi. Amma a kan aiki ne na yi kuskure, aikin da na ɓata da aboki a kansa, kuma fensir yana cikin aljihun rigata duk tsawon makonni ukun nan.

Na warware takardata a kan tebur. Jan layi ba ya goguwa, ban kuma yi ƙoƙarin kankare shi ba, domin har yanzu yana nan daidai: sama da shi naɗi, ƙasa da shi jira. Na fere fensir na rubuta na huɗu a gaban kakan, na biyar a gaban uban, na shida a gabansa. Na haɗa da gajeriyar wasiƙa, na bayyana masa abin da fensir yake nufi a ofishinmu, na ce kuskuren nawa ne, na kuma roƙi a mayar da sunan matar nan cikin ta firam.

Da na kai wa injiniyan don ya aika, ya buɗe ya duba ya ce, "Alhaji, Baba ko baƙar tawada da ƙyar yake gani yanzu. Fensir kam ba zai gan shi ba sam."

Na karɓo na koma gida. Na sa kwali mai laushi a ƙarƙashin takardar, na sake bin lambobin nan uku, ina danna fensirin da duk ƙarfin hannuna har bakinsa ya karye sau biyu. Na rufe ido na shafa da yatsa. Shidan yana jiyuwa, kamar yadda layin ya jiyu.

An aika tun kafin zafi ya tsananta. Injiniyan ya ce ta isa, ƙanwar mahaifinsa ta karɓa. Ban sami amsa ba. In na tambaye shi, sai ya ce tsohon yana da ranakun da yake magana da ranakun da ba ya yi. Yanzu ba a iya zama a benci, ƙarfensa ma ƙuna yake yi tun da hantsi. Nakan tsaya a inuwar ɗakin mai gadi in tambaye shi ko an kawo wasiƙa, shi kuma kullum sai ya ce, "Ana dubawa, Alhaji," ya yi dariyarsa. Na yi nadamar ba shi wannan ɓangare na labarin.